Ana kawo ɗigon shan inna har gida, asibitin unguwa kuma babu magani: tambayoyi kan shirin lafiya a Kaduna

Duk mazaunin Rigasa, Tudun Wada, Kawo ko Sabon Tasha ya saba ganin mata rataye da akwatin sanyi suna bi gida-gida, suna ɗiga wa yara magani, su shafa tawada a ɗan yatsa, su bar rubutun alli a bango. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan jefa wa waɗannan mata a bakin zaure, alhali mafi yawan amsoshin ba a hannunsu suke ba.

Wai asibitin unguwa na wane ne, tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma?

Kowa da hannunsa a ciki, shi ya sa idan abu ya lalace ake rasa wanda za a kama. Tarayya, ta hannun hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, da aka kafa a 1992, ita ke shata tsari da samo magungunan rigakafi. Jiha ke riƙe da ma'aikata da gudanarwa ta hukumarta ta lafiya matakin farko. Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma tun zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i aka ɗauki manufar a samu cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Manufar ta yi daidai. Sai dai gini shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi: a yi fenti, a kafa allo, a yanke ƙyalle. Abin da ke wuya shi ne mace ta zo da naƙuda ƙarfe biyun dare ta tarar da ungozoma a farke, da wuta, da ruwa a famfo. Da wannan ya kamata a riƙa auna cibiya.

Kuɗin gudanar da ita daga ina suke zuwa?

Ban da kasafin jiha, akwai wani asusu da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake kira BHCPF. Dokar ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na biya wa marasa ƙarfi inshora, wani kuma yana shiga kai tsaye asusun bankin cibiyoyin da aka tantance, domin ƙananan buƙatu: gyaran famfo, sabulu, safar hannu, man babur na fita ƙauyuka.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A tsari, shugaban cibiya ba ya cire kuɗin nan shi kaɗai. Sai da sa hannun shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutanen gari ne ke cikinsa. Wato jama'a na da kujera a wurin da ake kashe kuɗin. Inda kwamitin ke zama da gaske, yana duba takardu, ana ganin bambanci. Inda aka cika shi da 'yan amshin shata, sunansa kawai ake ji.

To me ya sa ɗigon shan inna ke zuwa har gida kyauta, amma idan yaro ya kwanta da zazzaɓi sai a rubuto maka takarda ka je kemis?

Tambaya ce mai tushe, kuma duk jami'in da ya mayar da ita jahilci bai yi wa mutane adalci ba. Yaƙi da shan inna shiri ne na duniya baki ɗaya, da kuɗinsa na musamman daga masu ba da tallafi, da motocinsa da alawus ɗinsa. Maganin yau da kullum kuwa ya dogara ne da kasafin gwamnati da yadda ake sakin kuɗin. Aljihu biyu ne daban, amma mai gida ba ya ganin aljihu, abin da ya iso ƙofarsa yake gani.

Akwai kuma tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka rasu, wasu suka nakasa. Don haka da jita-jitar cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa ta taso a 2003, ta samu kunnuwan da suka riga suka ji zafi. Aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. A 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya, a Borno, sannan a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

In an rabu da ita, zagayen me ake yi har yanzu?

Ɗigon da ake bayarwa na ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. A unguwar da yawancin yara suka karɓa, ba ta da inda za ta. Amma inda aka bar yara da yawa babu rigakafi, ga ƙarancin tsafta, takan yi ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa. Wannan nau'in ne ake bi yanzu, kuma maganinsa shi ne a rage yaran da ake tsallakewa.

Na kai jariri allura an ce in dawo wata rana. Ba wulaƙanci ba ne?

Wani lokaci sakaci ne, amma sau da yawa kwalba ce ta jawo. Allurar ƙyanda na zuwa ne a gari, kwalba ɗaya ta yara goma, ta tarin fuka kuma ta yara ashirin. Da an haɗa ta da ruwanta, awa shida take da shi, ragowar sai zubarwa. Shi ya sa ma'aikaciya ke son tara yara rana guda. Ƙa'ida dai ta fi son a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya, da a sallami uwar da ta biya kuɗin Keke daga nesa, wadda mai yiwuwa ba za ta dawo ba.

In an ɗauko kwalba, ki dubi jikinta. Akwai ɗan zagaye da murabba'i a tsakiyarsa. Muddin murabba'in ya fi zagayen haske, zafi bai lalata maganin ba. In ya yi duhu kamarsa, an daina amfani da ita. Yawancin alluran na son sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ya sa firji mai aiki da hasken rana ya fi sabon fenti amfani a cibiyar ƙauye.

Lokutan kai yaro allura kuwa su ne: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sai wata 15. Allurar mako 6, 10 da 14 ce ke kare yaro daga mashaƙo, cutar da ta dawo da ƙarfi a Arewa a 2023, har da sassan jihar Kaduna. A adana katin kamar takardar fili.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina, na lafiyayye ne ko na mara lafiya?

Na lafiyayye ne, ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata a tsawon damina. Na kwana uku ne: mai rabo ta ba da na farko a gabanta, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. A nan ake yawan faɗuwa, domin wasu na ɓoye ragowar wai sai yaro ya kamu. Yaron da jikinsa ya riga ya yi zafi gwaji yake buƙata a asibiti. Kuma maganin bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Me ya sa mata ke zuwa awo amma su haihu a gida?

Awo da rana ake yi, naƙuda kuwa ba ta duba agogo. Ga neman izinin mai gida da ya tafi kasuwa, ga mota, ga kuɗin kayan haihuwa, ga tsoron tsawar ma'aikaciya, ga kunya, musamman a haihuwar fari. Abubuwan da suka fi kashe mata, zubar jini da jijjiga, ba sa ba da lokacin shawara. Don haka shirin da ya tsaya ga wa'azi wa mata kaɗai ya bar rabin aikin. Magidanci ya bar izini tun ciki na wata bakwai, ya ajiye wani abu, ya riƙe lambar direban da zai tashi da dare. A wasu jihohin Arewa an yi irin wannan tsari da direbobin ƙungiyar NURTW.

Inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati ce kawai?

A'a. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, na karɓar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu su biya na shekara, kuma dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar ga kowa. Kafin ka biya, tambayi wace cibiya za a haɗa ka da ita da abin da katin bai ɗauka ba.

Ƙauyukan da rashin tsaro ya taɓa fa?

A sassan Birnin Gwari, Giwa, Chikun da Kajuru an yi shekaru ma'aikata na tsoron kwana a bakin aiki. Tun 2022 jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi ke tashi daga Pambeguwa suna sauke magani a cibiyoyi. Sun rage matsalar hanya, amma allura sai da hannun mutum. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a horar da 'ya'yan garin, su yi aiki a garinsu.

Idan aka nemi kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne, ko aka tarar da cibiya a kulle, ina za a kai kuka?

Allurar rigakafin yara kyauta ce, haka gwaji da maganin tarin fuka a cibiyoyin da aka ware. In an nemi kuɗi, ka nemi rasit. Ka fara da shugaban cibiya, sannan shugaban kwamitin mazaɓa; in ba ka san shi ba, mai unguwa ya sani. In shiru, sai sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar jiha. A rubuta koken, a sa rana da lokaci da abin da ya faru, mutum biyar ko goma su sa hannu, a riƙe kwafi.