Filayar murɗa waya: ga amsoshin, a bar ni in sha iska

Tun da yaran AFIT, wato kwalejin fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, da na makarantar jiragen sama ta Zariya suka ji cewa na yi shekaru ina aikin injin jirgi, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin da suke yi mini a kan filayar murɗa waya ba sa canzawa, masu yin su ne ke canzawa. To ga su nan.

Oga, mene ne aikinta?

Girgizar inji tana kwance noti. Sai a zura waya ta hudar da ke kan ƙusar notin, a murɗe, a ɗaure ta yadda duk lokacin da ƙusar ta so juyawa baya, wayar za ta hana. Filayar tana cafke wayar ta kulle, ka ja ƙulun da ke gindinta, ta juya da kanta. Iyakar abin ke nan.

Filayar gida ba za ta yi ba?

Ai ana aski da kwalba. Gara ka murɗa da hannu da ka sa ta ta tauna maka waya.

Mai inci 6 ko mai inci 9?

Ta 6 don lungu, ta 9 don waya mai kauri. In ɗaya kawai za ka iya saya, ɗauki ta 6.

Wace waya ake sawa?

Ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma mai kaurin inci 0.032 ce aka fi aiki da ita. Akwai 0.020 ta ƙananan sukurori, akwai 0.041 ta manya. Wanda ya tambaye ni ko wayar ɗaurin rodi ta magina za ta yi, ban amsa masa ba, kuma yanzu ma ba zan amsa ba. Wayar da aka kwance kuma ta gama aikinta, ba a mayar da ita.

Kuɗina kaɗan ne. In sayi sabuwa mai araha ko tsohuwa ta gwanjo mai suna?

To, wannan ce tambaya. Ya danganta, kuma kada wani ya je ya ce na yanke hukunci.

Da ni ne, ina jin tsohuwar ƙirar kamfanin Milbar ko Snap-on mai lafiya zan ɗauka a kan sabuwar da ba a san mahaifinta ba. Amma "mai lafiya" ɗin nan ce matsalar. Filayar gwanjo ta ratsa hannuwa da yawa kafin ta iso Kaduna, wataƙila wani ya taɓa yanka ƙusa da ita. Suna ma ba hujja ba ne, don buga suna a jikin ƙarfe ba ya wa masu jabu wahala. A gefe guda, na sha ganin mai arahar da ta yi wa ɗalibi shekarun karatunsa lami lafiya. In koyo kake a kan benci, ba abin kunya ba ne, kwantar da hankalinka.

Abin da nake yi shi ne, ko Panteka na shiga ko kasuwar Gumi, akwai guntuwar waya 0.032 a aljihuna. Na farko, in rufe bakin filayar in ɗaga ta saitin rana. In haske ya ratso ta tsinin ko ta wurin yankan, na ajiye. Sannan in cafki wayar, in tura makullin, in fizga. In ta zame ko makullin ya saki, magana ta ƙare. Wani yarona ya taɓa sayen irin wannan, yana tsakiyar murɗi makullin ya ɓalle, wayar ta tsaga masa babban yatsa, jini har kan riga. Sai in ja ƙulun a hankali ina saurare: sandar ciki ta fito sumul, ba gargada, ba ƙarar yashi. Mai sifirin ta koma da kanta. Daga nan in yanka wayar in duba bakinta, ya fita tas ko an matse shi kamar an ciza. Na ƙarshe, wanda kowa ke mantawa, in saki wayar in bi inda haƙoran suka kama da farce. Ɗan shatin danni ba komai. Amma in farce ya maƙale a zane mai zurfi, nan wayar za ta tsinke wata rana, shi ya sa wasu suka fi son mai baki lanƙwashe mara kaifin haƙori.

Duk da haka, wata takan ci wannan jarrabawa ta ba ka kunya bayan wata uku idan ƙarfenta mai taushi ne, kuma wannan ido ba ya gani. In mai kaya ya hana ka gwadawa, yi masa sallama.

Mai juyawa hagu da dama ta cancanci ƙarin kuɗin?

In sana'a za ka yi, e. Daga ƙusa ta farko zuwa ta biyu murɗin dama ne, jelar ƙarshe kuma, wato ɗan murɗin da ake bari bayan ƙusar ƙarshe, akan so ta hagu don zoben wayar ya kwanta a jikin ƙusar, kada ya ɗago ya sulle ta sama. Da mai hanya ɗaya, hannunka ne zai yi wannan.

Murɗi nawa?

6 zuwa 8 a kowane inci, sai in littafin jirgin ya ce wani abu daban, to shi ne alƙali. Ku daina ja kamar kuna tayar da janareta. Waya in ta sha murɗi fiye da kima ƙarfinta ya tafi. Jelar kuma a lanƙwasa ta ciki, mai zuwa bayanka shi ma yana son hannunsa.

Robar da ke maƙogwaron wasu fa, ado ce?

Ita ke riƙe guntun da ka yanke don kada ya yi tsalle cikin inji. Ranar da aka sa ka rarrafe da tocila kana neman guntuwar waya kafin a sallami jirgi, za ka san adon.

Tawa ta fara ciza da hunturu.

Ƙura ce. Goge sandar, ɗiga mai ɗigo ɗaya, ba wanka ba.

Ko za ka ara mini taka?

A'a. Wadda na ba da aro ta ƙarshe, wayar birkin babur aka yanka da ita, ta dawo da giɓi.