Mene Ne Gwanjon Domen?

Domen shi ne sunan da ake rubutawa a saman burauza don a isa wani shafi a intanet, kamar wanda ke ƙarewa da .com ko .ng. Ba mallakarsa ake yi har abada ba, haya ce ta shekara-shekara a hannun kamfanin rajista. Abin da mai sayarwa ke miƙawa shi ne wannan haƙƙin riƙon. Gwanjon domen kuwa shi ne a baje sunan a wata kasuwar intanet na ƙayyadadden lokaci, masu so su yi ta tayawa, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. Kada kalmar gwanjo ta sa a zaci kwance ake magana, a nan ma'anarta ta asali ake nufi, ta "wa zai ƙara?"

Manyan kasuwannin sun haɗa da GoDaddy Auctions, da Sedo ta ƙasar Jamus, da NameJet, da Flippa. Aikinsu na dillali ne: su tara masu saye, su riƙe kuɗi amana, su cire la'ada. La'adar kan kama daga kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, gwargwadon kasuwa da hanyar da mai saye ya biyo. Idan an sallama a dala 1,000 kuma la'ada kashi 15 ce, dala 850 za ta shigo hannu, kafin banki ya yanki nasa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne farashin sallama, wato mafi ƙarancin kuɗin da mai kaya ya yarda ya karɓa. In tayi bai kai shi ba, kamar an ce albarka ne, suna ya koma wa mai shi. In aka ɗaga shi sama, babu mai fara tayi, kuma gwanjon da ya kwana uku babu ko mutum ɗaya ba ya jan kowa, domin masu saye tayin wasu suke kallo kafin su motsa. In kuma aka cire shi gaba ɗaya don a jawo jama'a, to wanda ya taya dala 20 shi kaɗai ya ci, kuma dole a ba shi. Shi ya sa gwanjo ba na kowane suna ba ne. Yana amfani ne idan akwai aƙalla mutum biyu da ke son abu ɗaya: gajeren suna, kalma guda mai ma'ana, ko tsohon domen da har yanzu mutane ke ziyarta. Labarin Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019 yana ruɗin sababbin shiga, alhali cinikin kai tsaye ne tsakanin kamfanoni biyu. Sunan da kamfani ɗaya tak zai buƙata gara a sa masa tsayayyen farashi a jira.

Sedo tana da wata dabara mai kyau: idan wani ya yi maka tayi, kana iya mayar da shi gwanjon kwana 7, tayin nasa ya zama mafari. Ko ba wanda ya ƙara, kana da mai saye a hannu. A GoDaddy kuma, tayin da ya shigo cikin minti 5 na ƙarshe yana ƙara wa'adin, don haka ainihin fafatawar a ƙarshe take.

Bayan ciniki ya faɗa, mai saye yana biyan kasuwar, ba mai kaya ba. Sai mai kaya ya cire makullin da ke hana canja wa domen kamfani, ya karɓi lambar sirri ta canja rajista da ake kira EPP, ya miƙa. Canjin daga kamfani zuwa wani yakan ɗauki kusan kwana 5. In duka biyun kamfaninsu ɗaya, turawa ce kawai daga asusu zuwa asusu. A lura: domen irin .com da aka yi wa sabuwar rajista ko aka canja masa kamfani yakan kasance a kulle kwana 60, kuma ciniki kan lalace a kan wannan. Haka in wa'adin hayar ya ƙare ana tsakiyar gwanjo.

Sunan da ya ƙunshi tambarin kasuwancin wani, ko da an sauya harafi ɗaya, ana iya ƙwace shi ta UDRP, tsarin warware rikici kan sunayen domen da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta kafa a 1999, ba tare da diyya ba. Sa ɗan'uwa ko aboki ya riƙa tayin ƙarya don farashi ya hau kuwa yana jawo rufe asusu. Sai kuma tsohuwar damfara: saƙo ya zo daga "mai saye" da tayi mai tsoka, amma sai ka fara biyan kuɗin tantance darajar sunan a wani shafi da shi ya zaɓa. Shafin nasa ne, kuma da ka biya ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba.