Digirin NOUN ba "digirin waya" ba ne

Har yanzu a majalisun Ƙofar Kaura da Ƙofar Ƙwaya a Katsina za ka ji ana cewa mai karatu a jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, daga kan gado yake danna waya, a ba shi takarda. Wannan magana ba ta da tushe. Jami'ar gwamnatin tarayya ce, an kafa ta a 1983, kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da ke tantance kwasa-kwasan Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ita ce ke tantance nata.

Abin da ake yi ta intanet shi ne rajista, sauke littattafan kwas, da aikin gida da ake kira TMA, mai maki 30. Sauran maki 70 na jarrabawa ne, kuma galibi ɗalibi yakan je cibiyar karatu, irin wadda ke nan Katsina, da katin shaidarsa, ya zauna gaban masu sa ido.

Inda ake faɗuwa shi ne TMA. Ma'aikaci ko matar aure su bar shi sai daren ƙarshe, sabis ya ɗauke, shafin ya cunkushe, a rufe. Maki 30 sun tafi ke nan. Ku sauke littattafan tun makon farko, ku gama TMA da wuri.