Dokar yawo da ƙaramar bindiga a wuraren shan giya da la'adar miƙa bindiga a Amurka

A Amurka akwai abubuwa biyu da mai ƙaramar bindiga, wato fistol, yake yawan cin karo da su, kuma duk biyun gwamnatin tarayya ba ta ce komai sosai a kansu ba, ta bar wa jihohi kowa ta yi nata. Na farko shi ne ko mutum zai iya shiga gidan abinci ko mashaya da bindiga a ƙugunsa, da kuma ko zai iya kurɓar giya alhali tana jikinsa. Na biyu shi ne kuɗin da dillalin bindiga mai lasisi yake karɓa idan bindiga za ta canja hannu ta wurinsa, abin da mu a kasuwa za mu kira la'ada. Tunda jihohi 50 ne kuma kowacce da majalisarta, toh abin da yake halal a wannan gari in ka tuƙa mota awa ɗaya ka tsallaka iyaka sai ya zama laifin da zai kai ka gidan yari na shekaru.

Tushen abin

Haƙƙin mallakar makami yana cikin gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka tun 1791. Kotun ƙoli a shari'ar Heller ta 2008 ta ce haƙƙin na mutum ne shi kansa, a 2010 ta ce jihohi ma dole su mutunta shi, sannan a shari'ar Bruen ta watan Yuni 2022 ta ce haƙƙin bai tsaya a cikin gida ba har waje mutum zai iya fita da bindigarsa. Amma dai kotun ta yarda akwai wuraren da za a iya hanawa kamar kotu da wurin zaɓe da majalisa, ba ta fito ta faɗi matsayin mashaya ba, shi ya sa har yau ake ta shari'a a kai.

Babbar dokar tarayya ita ce ta 1968, wadda aka yi a shekarar da aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy. Ita ta jera mutanen da ba su da damar riƙe bindiga, irin wanda aka taɓa samu da babban laifi da kuma mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Sai dai abin lura a nan, giya ba ta cikin jerin miyagun ƙwayoyi a dokar tarayya, an cire ta da gangan ita da taba. Kenan mai shan wiwi dokar tarayya ta hana shi bindiga ko da jiharsa ta halatta wiwin, amma mashayin da kullum sai an kwaso shi daga bakin titi babu abin da ta ce a kansa. Wannan giɓin shi jihohi suke ta ƙoƙarin cikewa kowa da irin dabararsa.

Shiga mashaya da bindiga

Jihar Texas ta fi kowa suna a nan saboda allon nan mai jan rubutu da ke ɗauke da lamba 51%. Duk wurin da kashi 51 cikin 100 ko fiye na kuɗin shigarsa daga sayar da giyar da ake sha nan take yake fitowa, dole ya kafa wannan allo a ƙofa, kuma shiga da bindiga babban laifi ne da hukuncinsa ke kamawa daga shekara 2 zuwa 10. Ko da Texas ta soke wajabcin lasisin yawo da bindiga a ranar 1 ga Satumba 2021 ba ta taɓa wannan ba. Illinois ma da lissafin kuɗi take aiki, in giya ta haura rabin cinikin wurin ba a shiga. Florida kuma ta bi ta wata hanya daban, ita ɗakin take rabawa, za ka iya zama a teburin cin abinci da bindigarka amma ɓangaren da aka ware don shan giya, wurin kantar nan da ake jera kwalabe, haramun ne gare ka, ko da taku biyar ne tsakaninsu.

Daga 2009 zuwa 2014 an yi wata guguwar sassauci. Arizona ta buɗe ƙofa a 2009, Virginia a 2010 bayan gwamna Tim Kaine ya hau kujerar naƙi a baya sai da Bob McDonnell ya zo ya sa hannu, Ohio a 2011, North Carolina a 2013, Georgia a 2014. Yawancinsu sharaɗin ɗaya ne, ka shiga da bindigarka amma kar ka sha ko ɗigo, kuma mai wurin yana da iko ya kafa allo ya ce shi ba ya so. Hujjar masu goyon baya ita ce mutum ya fita cin abincin dare da iyalinsa, don kawai wurin yana sayar da giya sai a tilasta masa barin bindiga a mota, kuma a mota ake sace bindigogi da yawa, wannan kam gaskiya ne. Masu adawa kuma, ciki har da masu gidajen abinci da yawa da wasu shugabannin 'yan sanda, suka ce yarinyar da ke kawo wa mutum kofi ta ina za ta san akwai ƙarfe a ƙarƙashin rigarsa tunda a ɓoye take, ai sharaɗin kar ka sha ya dogara ne kawai ga amanar mai bindigar.

Labarin Tennessee ya isa a tsaya a kansa. A 2009 majalisar jihar ta yi dokar, gwamna Phil Bredesen ya ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake shi, sai wata alƙaliya a Nashville ta soke dokar a watan Nuwamba na shekarar ta ce ba a fayyace ta ba, mutum ba zai iya gane wane wuri ne gidan abinci wane ne mashaya ba. A 2010 suka sake rubuta ta suka faɗaɗa, gwamna ya sake ƙi, suka sake tsallake shi. Ɗan majalisar da ya ja gaba wajen dokar, Curry Todd, shi ne yake ta ba mutane tabbacin cewa masu lasisi mutane ne masu kamun kai. A watan Oktoba 2011 'yan sanda suka tare shi a Nashville yana tuƙi cikin maye da bindiga ɗauke da harsashi a gefen kujerarsa, daga baya ya amsa laifinsa a kotu. Mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan dubbai, amma abin ya nuna daidai inda dokar take da rauni.

New York bayan hukuncin Bruen sai ta juya ɗaya ɓangaren, a watan Yuli 2022 ta yi doka ta hana bindiga a duk wurin da ake ba da giya a sha, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar wannan sashe ya ci gaba da aiki.

Nawa ne maye

Tambayar wurin daban, tambayar abin da ke cikin jinin mutum daban. Ma'aunin yawan giya a jini da aka yanke wa mai tuƙi a kusan duk Amurka 0.08 ne, Utah ce kawai ta sauko 0.05. A bindiga kuwa babu ma'auni ɗaya. Michigan ta sa 0.02 ga mai lasisin yawo da bindiga a ɓoye a jikinsa, wanda kwalba ɗaya ma tana iya kai mutum can. Minnesota 0.04. Nevada ta daɗe a 0.10 kafin dokar 2019 ta sauko da shi 0.08. North Carolina ba ta ma lissafi, in dai akwai sauran giya a jikinka ba ka da izinin ɓoye bindiga a waje da gidanka. Wasu jihohin kuma ba su sa lamba ba, cewa kawai suka yi kar mutum ya kasance cikin maye, sai ɗan sanda da alƙali su auna da idonsu.

A ganina na Michigan da North Carolina sun fi kusa da hankali. Giya tun kafin ta sa ƙafa ta fara harɗewa take taɓa haƙuri da hukuncin zuciya, kuma abin da mai bindiga ya fi buƙata kenan a lokacin da wani ya taka shi ko ya zage shi a cikin cunkoso. Ko a shari'a ma, wanda ya yi harbi ya ce kare kansa ya yi, in aka samu giya a jininsa lauyan gwamnati da ita zai fara.

Akwai kuma jihohin da ke duba tarihin mutum. A Pennsylvania wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye sau 3 a cikin shekara 5 ba zai sayi bindiga ba. Masu bincike a jami'ar California da ke Davis sun bi sawun mutum kusan 80,000 da suka sayi ƙaramar bindiga a jihar a 2001, suka ga a cikin waɗanda suke da tsohon laifin tuƙi cikin maye kusan kashi 9 cikin 100 an kama su daga baya da manyan laifukan zubar da jini ko fashi ko fyaɗe, waɗanda ba su da tarihin wani laifi kuma kusan kashi 2.

La'adar miƙa bindiga

Dokar 1968 ta ce ƙaramar bindiga ba ta tsallaka jiha kai tsaye zuwa hannun mai saye. In kana Ohio ka ga bindiga a intanet a wani kanti na Kentucky, za ka biya kuɗin amma ba gidanka za a aiko ba, sai dai a aika wa dillali mai lasisin tarayya a jiharka, wanda suke kira FFL, lasisin da ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ke bayarwa. Kai kuma ka je da katin shaida, ka cike fom mai lamba 4473, dillalin ya tura sunanka NICS, tsarin hukumar FBI na binciken ko doka ta hana ka riƙe bindiga, wanda ya fara aiki a ƙarshen Nuwamba 1998 bisa dokar Brady ta 1993. Yawanci cikin 'yan mintoci amsa take zuwa. Dole kuma ka kai shekara 21 kafin dillali ya miƙa maka fistol.

FBI ba ta karɓar ko sisi a kan binciken. Kuɗin da ake biya na dillali ne, ladan karɓar kaya da ajiyewa da shigarwa a littafinsa da ɗaukar alhakin in an yi kuskure, don kuskure a takarda yana iya jawo masa asarar lasisi. Tarayya ba ta yanke farashi ba, kowa da nasa, yawanci dala 20 zuwa 50 ne, a manyan birane ya fi haka. Masu aiki daga gida sun fi araha, manyan kantuna kuma wani lokaci da gangan suke tsauwalawa saboda haushin ka saya a intanet ka bar tasu a kanta. A birnin Washington bayan hukuncin Heller an yi shekaru dillali ɗaya ne tak yake wannan aikin wa jama'a, yana karɓar dala 125 kowace bindiga, da ya daina a 2020 sai da rundunar 'yan sandan birnin ta karɓi aikin da kanta na wani lokaci.

Bayan la'adar dillali wasu jihohin da suke binciken da kansu suna da nasu kuɗin, Tennessee dala 10, Virginia dala 2 ga ɗan jiha dala 5 ga baƙo, Nevada dala 25. California ta fi tsari da tsada, kuɗin jiha dala 37.19 ne, in ciniki ne tsakanin mutum biyu 'yan jihar dole su je gaban dillali tare kuma doka ta hana shi karɓar fiye da dala 10 a kan haka, sannan a jira kwana 10. Pennsylvania ma ta wajabta bi ta dillali ko ofishin sharif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, in fistol ce, sai dai ta yafe tsakanin miji da mata, iyaye da 'ya'ya, kakanni da jikoki. Jihohi da yawa kuwa ɗan jiha zai sayar wa ɗan jiha hannu da hannu babu fom babu bincike.

Wannan iyakar dala 10 da California da New York suka sa tana da ma'ana, domin binciken amfanin jama'a ne ba na mai saye ba, in la'ada ta kai rabin kuɗin tsohuwar bindiga mutane za su riƙa kauce wa kantin ne kawai. Dillalai kuma suna kukan dala 10 ba ta biyan ko lokacin ma'aikaci, kuma su ma da gaskiyarsu.

Kar a haɗa wannan la'ada da harajin dala 200 na dokar 1934, wancan na bindigogi masu sarrafa kansu ne da na'urar rage ƙara da bindigogi masu gajeren baki, fistol ta yau da kullum ba ta ciki. Dokar kasafi ta Yuli 2025 ta mayar da shi sifili daga Janairu 2026 a kan na'urar rage ƙara da masu gajeren baki, ta bar shi a kan masu sarrafa kansu.

Wani tarko da ke kama baƙi shi ne cike fom da sunanka alhali wani ne ya ba ka kuɗi ka saya masa, tun dokar 2022 hukuncin yana iya kai shekara 15. Namu da ke zaune can su sani mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma ɗalibi ko mai bizar ziyara a bisa ƙa'ida an hana shi sai da wasu 'yan togaciya kamar lasisin farauta. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol a jerin da sai da izinin shugaban ƙasa, kuma cikin mutanen da ta ce kar a ba lasisi har da wanda aka san shi da shaye-shaye.