Sauyin Launin Haƙora

Sauyin launin haƙora shi ne haƙori ya bar kamanninsa na asali ya koma ja, rawaya, ruwan ƙasa ko baƙi. Lafiyayyen haƙori ma ba fari fat yake ba. Ɓawonsa na waje, wato inamel, ya fi komai tauri a jikin mutum, amma haske yana ratsa shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai dentin mai ɗan rawaya. Idan shekaru suka ja, ɓawon yakan siɗe, dentin ya ƙara fitowa fili. Likitocin haƙori sun raba tabon gida biyu: wanda ya zauna a bisa haƙori da wanda ya shiga cikinsa. Sai an san wanne ne kafin a san maganin da zai ci.

Tabon waje

A Maraɗi da kewayenta goro yana cikin abubuwan da ke kawo shi. Mai cin goro kullum haƙoransa sukan yi ja, musamman ta gefen dasashi. Sai taba, ta sha da ta taunawa, sai shayi mai kauri irin na fada, da kofi da zoɓo. Ruwan kurkure baki mai sinadarin kuloheksidin da maganin ƙarin jini na ruwa su ma suna barin duhu idan aka daɗe ana amfani da su. Dauɗar da ba a goge ba kuwa taurara take yi ta zama kamar tsakuwa, launi ya samu wurin kamawa.

Ba kowane zamani aka ɗauki jan haƙori aibi ba. A da matan Hausawa suna goga furen taba da goro da gangan don haƙora su yi ja, ado ne a lokacin. Yau 'yan mata farin suke nema.

Tabon ciki

Wannan ya fi wuyar sha'ani, domin yawanci tun haƙori yana tsirowa a cikin dasashi yake samuwa. Maganin tetarasaikilin mai kashe ƙwayoyin cuta, idan mai ciki ta sha shi ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana iya rina haƙoran yaron toka-toka ko ruwan ƙasa har abada. Haƙorin da ya bugu jijiyarsa ta mutu yakan yi duhu shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa. Ruɓewa ma tana farawa da farin ɗigo kafin ta zama baƙin rami.

Wani dalilin da ya shafi yankin Maraɗi shi ne yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin kowace lita ta ruwa. Idan ya zarce haka, yaron da haƙoransa ke ginuwa zai fito da fararen ɗige-ɗige kamar alli, in abin ya yi tsanani su koma ruwan ƙasa, ɓawon ya yi ramuka. Wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya lura da irin wannan tabo a Kolorado ta Amurka tun 1901, amma sai a 1931 aka gano fuloraid ne sanadi. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga abin da idonsu: ruwan burtsatsen da garin ya sha tun daga shekarun 1980 fuloraid ɗinsa ya ninka iyakar nan, haƙoran yara masu yawa suka rine, wasu har ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Irin wannan tabo ba ƙazanta ba ce, ko da yake sau da yawa haka ake yi wa mai shi kallo. Tafasa ruwan ma ba ya cire sinadarin.

Hanyoyin faranta haƙora

Tabon waje yana jin asuwaki da buroshi, safe da dare. Wanda ya taurara sai likita ya kankare shi da na'ura ya goge. Man goge baki da ake tallatawa da sunan mai faranta haƙori galibi iyakarsa tabon waje, ba ya shiga ciki.

Don sauya launin haƙorin kansa ana amfani da sinadarin haidurojin feroksaid ko kabamaid feroksaid, a shafa a asibiti ko a zuba cikin wata roba da aka auna daidai da bakin mutum ya riƙa sawa a gida. Yakan jawo tsamin haƙori na 'yan kwanaki, yakan ƙona dasashi in ya zuba a kansa, kuma ba ya taɓa launin ciko ko haƙorin roba. Farin ba ya dawwama ga wanda ya koma wa goro da taba. Ba a yi wa ƙananan yara, ana kuma jinkirta wa mai ciki. Tabon fuloraid mara zurfi ana ɗan kankare samansa, mai zurfi kuwa, da na tetarasaikilin, galibi rufe fuskar haƙorin ake yi da ciko mai launin haƙori ko a sa masa hula.

Gawayi, toka, gishiri da lemun tsami sun shahara a gidaje. Ana ganin haske a kwanakin farko saboda sun kankare dauɗa, amma tare da ɓawon suke tafiya, tsamin lemun ma narkar da shi yake yi. Inamel ba ya sake tofowa, saboda haka mai yawan dirza su haƙoransa ƙara yin rawaya suke yi, ruwan sanyi ma ya gagare shi sha.