Na'urar Sanyaya CPU Mai Aiki da Ruwa Ta Daina Rage Zafi: Tambayoyi da Amsoshi

A Zariya akwai masu amfani da kwamfutar tebur mai ƙarfi da dama, tun daga ɗaliban zanen gine-gine da na injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, har zuwa masu tace bidiyon bukukuwa a Sabon Gari da Tudun Wada. Da yawansu sun ɗora wa CPU, wato ƙwaƙwalwar da take sarrafa ayyukan kwamfuta, na'urar sanyayawa mai ruwa, irin wadda take zuwa a rufe daga kamfani, wadda ake kira AIO. Ƙorafin da ake yawan yi shi ne na'urar ta yi shekaru tana aiki lafiya, sannan zafi ya fara hawa, fankoki suka riƙa ƙara, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya ko ta riƙa mutuwa da kanta. Amsoshin da ke ƙasa an jera su ne bisa tsarin da ya kamata a bi wajen bincike, domin wanda ya fara da sayen sabon abu kafin ya gano inda zafin ya tsaya yakan kashe kuɗi a inda babu laifi.

Yaya na'urar take aiki, kuma a ina take iya samun matsala?

Ruwan da ke ciki ba ya kashe zafi, ɗaukarsa yake yi daga wuri ya kai shi wani wuri, kamar yadda ruwan injin mota yake kai zafi lagireto. Zafi yana fitowa daga CPU, ya ratsa man isar da zafi da aka shafa a kansa, ya shiga farantin jan ƙarfe. A cikin farantin akwai siraran tsaga masu yawa da ruwa yake bi ta cikinsu. Ƙaramin famfo, wanda a yawancin na'urori yake zaune a kan farantin, yana tura ruwan ta tiyo ɗaya zuwa lagireto, fankoki su hura iska ta cikin haƙoran lagireton, ruwan ya huce ya dawo ta ɗaya tiyon. Idan zafi ya ƙi sauka, to a ɗaya daga cikin waɗannan matakai hanyar ta yanke, kuma aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne.

Wane mataki na zafi ne ya kamata ya tayar da hankali?

Wannan tambaya ce da ya kamata a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna neman gyaran abin da bai lalace ba. Yawancin CPU na Intel suna da iyakar digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan suka kai nan sai su rage gudu da kansu don kare kai. Jerin Ryzen 7000 na AMD da ya fito a 2022 an tsara shi ne ya hau har digiri 95 idan aiki ya yi nauyi, kuma kamfanin ya bayyana cewa hakan ba lahani ba ne. Core i9-13900K na Intel kuwa yana iya jan wutar da ta kai wat 253, wadda lagireto mai tsawon milimita 240 ba ya iya kwashe zafinta cikin sauƙi ko da sabo ne. Saboda haka ganin 90 a lokacin da ake fitar da bidiyo mai nauyi bai isa hujja ba.

Sannan akwai zafin ɗaki. Babu na'urar ruwa ko ta iska da take iya sauke CPU ƙasa da zafin iskar da take shaƙa. Alƙaluman da ake gani a gwaje-gwajen ƙasashen waje galibi an ɗauke su ne a ɗakin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yakan haura 35, kuma shagon da aka rufa da kwano ba tare da silin ba yakan fi waje zafi. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi CPU zai ƙara. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne canji: aiki iri ɗaya, a yanayi iri ɗaya, amma zafin ya fi na da da digiri 10 ko 15, ko kuma kwamfutar tana zaune ba ta aikin komai amma tana nuna 70 ko 80. Manhajar HWiNFO64 kyauta ce, kuma tana nuna zafi da gudun famfo da gudun fankoki a wuri ɗaya. Yana da kyau kuma a buɗe Task Manager, wato shafin Windows da yake nuna manhajojin da ke aiki, a tabbatar babu wata manhaja da take cinye CPU a ɓoye.

Da me ya kamata a fara bincike?

Da famfo, domin shi ne abin da idan ya tsaya komai ya tsaya. Alamar mutuwarsa ba ta ɓuya: da an kunna kwamfutar zafi zai riƙa hawa ba tsayawa, cikin 'yan mintuna ya kai 90 ko 100, ko da a cikin BIOS ake, wato shafin saituna da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin Windows ya buɗe, inda babu wani aiki mai nauyi. A shiga BIOS a duba gudun da yake nunawa a mahaɗin da aka rubuta AIO_PUMP ko CPU_FAN. Famfo mai lafiya yakan nuna zagaye dubu biyu zuwa dubu uku ko sama da haka a minti ɗaya. Idan aka ga sifili, kada a yanke hukunci tukuna, a kashe kwamfutar a zare ta daga wuta a duba wayoyi. Wasu na'urorin suna karɓar wuta ta wayar SATA mai fitowa kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta, siririyar wayar da ke zuwa babban allon kwamfuta (motherboard) kuwa rahoton gudu kawai take kaiwa, kuma ɗayarsu tana iya sassautawa, musamman ga wanda yake ɗaukar kwamfutarsa a Keke Napep daga gida zuwa wurin aiki. A gwada wani mahaɗin a kan allon. A kuma tabbatar BIOS bai rage wa famfon gudu ba, domin sake saita BIOS ko sabunta shi yakan mayar da mahaɗin ga tsarin fanka, wanda yake rage wuta idan zafi ya yi ƙasa. Mafi aminci a bar famfo a cikakken gudu. Daga nan a ɗora yatsa a kan famfon yana aiki: mai rai yana da ɗan kaɗawa da ake ji a fata.

Famfo yana juyawa, fankoki suna juyawa, amma zafi bai sauka ba. Me ya rage?

A nan hannu ya fi manhaja ba da labari. A buɗe gefen akwatin, a ba kwamfutar aiki mai nauyi na kamar minti goma, sannan a taɓa tiyo biyun da jikin lagireto, ana kiyaye yatsu daga fanka da sauran kayan wuta. A na'ura mai lafiya tiyo biyun suna da ɗumi kusan iri ɗaya, domin ruwan yana gudu da sauri har bambancin da ke tsakanin mai fita da mai dawowa bai cika wuce digirori kaɗan ba.

Idan tiyo ɗaya ya yi zafi sosai kusa da famfo, ɗayan kuma yana da sanyi, lagireto ma da sanyi, to ruwa ba ya gudana yadda ya kamata. Ko dai ya ragu, ko tsagar cikin farantin ta toshe. Toshewa tana faruwa ne saboda yawancin waɗannan na'urori sun haɗa farantin jan ƙarfe da lagireton alminiyom, kuma waɗannan ƙarafa biyu suna cin juna idan ruwa ya haɗa su, sai dai sinadarin da kamfani ya zuba a ruwan yana hana hakan har zuwa lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Wani lokaci kuma laifin daga masana'anta ne. A 2022 kamfanin Arctic ya sanar da cewa robar da ke cikin wasu na'urorinsa na Liquid Freezer II tana lalacewa ta bar datti a kan farantin, ya kuma ba masu su kayan gyara kyauta. Famfon irin wannan na'ura zai ci gaba da nuna gudunsa daidai a BIOS, shi ya sa alƙalamin gudu kaɗai yake yaudarar mutane.

Idan tiyo biyun da lagireto duk sun yi zafi, to ruwa yana kai zafin inda ya kamata, lagireton ne ya kasa fitar da shi, sai a koma kan ƙura da fankoki. Idan kuwa duk suna da sanyi alhali CPU yana ƙuna kuma famfo yana aiki, zafin bai shiga ruwan ba tun farko, sai a koma kan zaman farantin da man da ke ƙarƙashinsa.

Ina jin ƙarar ruwa kamar ana kurkure baki. Mene ne dalili?

Iska ce ta shiga famfo. Kowace irin wannan na'ura tana da 'yar iska a ciki tun daga kamfani, kuma iskar tana ƙaruwa da shekaru, domin ruwa yana tsatsafowa a hankali ta jikin tiyo ya bi iska ba tare da an ga ɗigo ba. Ruwa mai zafi ya fi saurin yin haka, don haka na'urar da take aiki a ɗaki mai zafi ta fi saurin tsufa. Iska kullum sama take hawa, shi ya sa bai kamata famfo ya zama shi ne wuri mafi tsayi a zagayen ba. Mafi kyau a ɗaura lagireto a saman akwati. Idan a gaba aka ɗaura shi, a tabbatar ƙarshensa na sama ya ɗara famfo tsayi, kuma idan tsawon tiyo ya isa, a juyo bakin tiyon ƙasa. Ɗaura lagireto a ƙasan akwati kuskure ne. Bayan an gyara zaman, a kunna kwamfutar a ɗan karkata akwatin a hankali gefe da gefe domin iskar ta koma lagireto. Idan ƙarar ta ɗauke zafi ya sauka, an dace. Idan tana dawowa bayan kwanaki, ruwan ya yi ƙasa sosai.

Ƙurar hunturu tana iya jawo wannan matsala ita kaɗai?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina ita ce abin da aka fi rainawa a garin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana ɗauke da ƙura mai laushi da take ratsa ragar tace ƙura ta akwati, ta taru tsakanin fanka da lagireto, wurin da ido ba ya gani sai an kwance fankar. Mutum yana iya goge wajen akwati kullum alhali fuskar lagireton ta zama kamar an manna mata tsumma. Abin takaicin shi ne ƙurar tana taruwa a lokacin sanyi, inda ba a jin illarta, sai bazara ta shigo a same ta a toshe. Don haka lokacin da ya fi dacewa a yi share-share shi ne ƙarshen Fabrairu. A kwance fankoki, a goge da burushi mai laushi, a hura iska daga bayan lagireto zuwa gaba da injin hura iska irin na masu gyaran lantarki, kuma a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Wajen mayarwa a duba kibiyar da ke jikin fanka, domin fankar da aka juya baya tana hana iska wucewa.

Shin sauya man isar da zafi zai magance matsalar?

Zai magance ta idan shi ne dalili, kuma alamarsa ita ce wadda aka ambata: CPU da zafi, ruwa da sanyi. Man yana bushewa da shekaru. A goge tsohon da tsumma mai tsabta da sifirit irin na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a ɗaure notuna huɗun kaɗan-kaɗan a gicciye har su zauna daidai. Idan sabuwar na'ura ce, a duba ko an cire ledar da ke manne a ƙasan farantin, a kuma tabbatar ƙarafan ɗaurin na soket ɗin ne, wato gurbin da CPU yake zama a kan allo, domin na soket ɗin Intel LGA1700 ya bambanta da na LGA1200 a tsayi da faɗi. Amma sabon man ba ya tayar da famfon da ya mutu, ba ya kuma buɗe tsagar da ta toshe.

Ana iya ƙara ruwa a gida?

Yawancinsu ba a yi su don a buɗe ba, kuma buɗewa tana soke garanti, wanda a manyan kamfanoni yakan kai shekara 5 ko 6, don haka a fara duba takardar saye. Wanda garantinsa ya ƙare kuma na'urarsa tana da bakin zuba ruwa yana iya gwadawa, amma da ruwan da aka yi musamman don wannan aiki. Ruwan famfon gida ko na burtsatse ko na leda yana ɗauke da ma'adanai da suke daskarewa a cikin tsaga, ruwan batir da ake sayarwa a tasha kuwa ba a da tabbacin ba a gauraya shi da asid ba. Idan aka ga ɗigo ko danshi a bakin tiyo, a kashe kwamfutar nan take a zare ta daga wuta, kada a sake kunnawa sai an cire na'urar kuma allon ya bushe sarai.

Idan ta tabbata na'urar ta ƙare, me ya fi dacewa a saya?

Ga CPU mai jan wuta sosai wanda yake aiki mai nauyi duk yini, sabuwar na'urar ruwa mai lagireton milimita 280 ko 360 tana da amfani, kuma a sayi sabuwa dal, domin ta gwanjo ba a san shekarun da ruwanta ya yi ba. Ga mafi yawan mutane kuwa, masu Core i5 ko Ryzen 5 da makamantansu, shawarata ita ce babbar na'urar iska mai hasumiya biyu, irin su Noctua NH-D15 ko DeepCool AK620 ko Thermalright Peerless Assassin 120. Ba ta da famfo, ba ta da ruwan da zai ragu, kuma abin da yake iya lalacewa a jikinta fanka ce kawai, wadda ake samun madadinta cikin sauƙi a shagunan kayan kwamfuta. Kafin a biya kuɗi a auna faɗin akwati, domin NH-D15 tana da tsayin milimita 165, kuma ba kowane akwati ne murfinsa zai rufu a kanta ba. A kuma duba ko za ta bar wa sandunan RAM wuri a ƙarƙashinta.