Tabbatar da lasisin Windows bayan sake ɗora shi a laftof ta hannu

Tabbatar da lasisi, wanda masu gyaran kwamfuta suka fi kira aktibeshan, mataki ne da babbar manhajar sarrafa kwamfuta ke bi domin ta shaida wa kamfanin da ya ƙirƙire ta cewa kwafin da ke aiki a kan wata na'ura yana da izini, kuma ba a yi amfani da izinin a kan na'urori fiye da yadda yarjejeniya ta amince ba. Batun ya fi shafar Windows na kamfanin Microsoft, domin macOS na Apple ba ya neman mabuɗi, wato lambar lasisi, haka ma mafi yawan nau'o'in Linux. A sabuwar kwamfuta abin yakan wuce ba tare da mai ita ya lura ba. A laftof ta hannu kuwa, wadda wani ya yi aiki da ita shekaru kafin a gyara ta a sake sayarwa, ranar da aka goge rumbun ajiya aka ɗora Windows daga farko ita ce ranar da ake gane ainihin lasisin da na'urar ta mallaka, wanda sau da yawa yakan sha bamban da abin da ke rubuce a fuskarta lokacin ciniki.

Asalin tsarin

Microsoft ya shigar da wannan tsari cikin Windows ne a shekarar 2001, tare da fitowar Windows XP. Kafin nan ana shigar da mabuɗi yayin ɗora manhajar, amma babu wanda ke bincika ko mabuɗin nan ɗaya ya zagaya kwamfutoci ɗari. Daga XP aka fara haɗa mabuɗin da wata lamba da ake lissafowa daga sassan jikin kwamfutar, a aika su ga kamfanin ta intanet ko ta tarho, aka kuma bai wa mai amfani wa'adin kwana 30 ya kammala. Mabuɗin kansa haruffa ne da lambobi guda 25, an kasa su gida biyar, kowane gida da biyar.

Inda lasisin yake zama

Abin da ya fi rikita masu sayen kwamfuta ta hannu shi ne zaton cewa lasisi yana cikin rumbun ajiya, don haka goge rumbun ko canza shi zai tafi da lasisin. A gaskiya mazaunin lasisin ya danganta da zamanin da aka ƙera na'urar, kuma zamunnan uku ne.

A zamanin Windows Vista da Windows 7, wanda ya fito a watan Oktoban 2009, manyan masu ƙera kwamfuta irin su Dell da HP da Lenovo suna dasa wata alama da ake kira SLIC a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a kan babban allon kwamfuta (motherboard, faifan da dukkan sassan cikinta ke haɗe a kansa). Idan aka ɗora Windows daga faifan da kamfanin ya bayar, alamar takan haɗu da takardar shaidar kamfanin da wani mabuɗi na bai-ɗaya, lasisi ya tabbata ko da babu intanet. Bayan haka akwai sitika mai ƙyalli da ake mannawa a ƙarƙashin laftof, mai ɗauke da wani mabuɗi na daban wanda na wannan na'ura ne ita kaɗai. Wannan sitikar ce ke cin wahala. Zafin injin da gogayya da cinya ko tebur sukan cinye rubutun, har mutum ya kasa bambanta B da 8, ko G da 6. Mai ƙoƙarin karanta irin wannan sitika zai amfana da sanin cewa mabuɗan Windows ba sa ɗauke da sifili ko 1 ko 5, kuma babu wasali ko ɗaya a cikinsu, saboda haka abin da ya yi kama da O mai yiwuwa Q ne ko D. Wasu kamfanoni sun riƙa ɓoye sitikar a cikin ramin batir, inda takan daɗe garau, kuma yana da kyau a cire batirin a duba kafin a yanke hukuncin cewa babu ita.

Da zuwan Windows 8 a watan Oktoban 2012 aka daina buga mabuɗi a sitika. Mai ƙera kwamfuta yana rubuta mabuɗi na musamman ga kowace na'ura a cikin manhajar allon, a wani jadawali mai suna MSDM, kuma manhajar ɗora Windows takan karanto shi da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Sitikar da ta rage a jikin irin waɗannan kwamfutoci tambari ne kawai, babu lamba a kanta. Ana iya ganin mabuɗin ta hanyar tambayar ƙimar OA3xOriginalProductKey a PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ko kuma, ga wanda ya tayar da na'urar da Linux, ta karanta fayil ɗin MSDM da ke cikin jadawalan manhajar allon da ake kira ACPI. Idan amsar ta dawo fanko, ko dai an ƙera na'urar kafin wannan zamani, ko an sayar da ita tun farko ba tare da Windows ba, ko kuma an canza mata allo.

Zamani na uku ya fara da Windows 10 a ranar 29 ga Yulin 2015. A nan aka kawo lasisin dijital: da zarar na'ura ta tabbatar da lasisinta sau ɗaya, sabar Microsoft, wato babbar kwamfutar kamfanin da ake tuntuɓa ta intanet, takan adana lambar shaidar sassan jikinta tare da bugun Windows ɗin da ta cancanta, wato nau'insa, kamar Home ko Pro. Duk lokacin da aka sake ɗora wannan bugu a kan wannan na'ura aka haɗa ta da intanet, sabar takan gane ta ta mayar mata da lasisinta, ba a buƙatar shigar da komai. Babban allo shi ne ginshiƙin wannan shaida, shi ya sa canza rumbun ajiya zuwa SSD, wato nau'in rumbu mai sauri, ko ƙara RAM, waɗanda su ne gyare-gyaren da aka fi yi wa laftof ta hannu, ba sa taɓa lasisin, amma canza allo yakan mayar da ita sabuwar na'ura a idon sabar. Miliyoyin kwamfutocin Windows 7 da 8.1 sun sami irin wannan lasisi a shekarar da aka buɗe ƙofar ɗaukakawa kyauta, wadda a hukumance ta rufe ranar 29 ga Yulin 2016. Tsofaffin mabuɗan sun ci gaba da karɓuwa shekaru bayan haka, har sai da Microsoft ya toshe hanyar a watan Satumban 2023. Sakamakon wannan shi ne, laftof mai sitikar Windows 7 da aka taɓa ɗaukakawa kafin toshewar tana nan da lasisinta na Windows 10, wadda ba a taɓa ɗaukakawa ba kuwa sitikarta ba za ta buɗe mata Windows 10 a yau ba.

Ire-iren lasisi

Lasisin da ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, wanda ake kira OEM, a ɗaure yake da ita har ƙarshen rayuwarta: yana bin ta zuwa hannun sabon mai ita, kuma ba a ɗauke shi a kai wata. Lasisin da mutum ya saya shi kaɗai daga shago ko daga Microsoft na mutumin ne, yana da damar cire shi ya mayar kan sabuwar kwamfutarsa, don haka mai sayar da tsohuwar yana iya tafiya da abinsa. Akwai kuma lasisin da Microsoft ke bayarwa ta shirinsa na amintattun masu sabunta kwamfutoci, wanda aka tanada musamman domin na'urorin da aka gyara za a sake sayarwa.

Nau'in da ya fi jawo rigima shi ne lasisin jumla na ma'aikatu, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin yawancin laftof na hannu daga ofisoshi da makarantu suke fitowa. Iri biyu ne. Na farko, MAK, mabuɗi ne guda da aka ƙayyade masa adadin na'urorin da zai tabbatar, idan adadin ya cika ko aka gano ya fita waje aka toshe shi, ya daina aiki. Na biyu, KMS, ya dogara da wata sabar da ma'aikatar ke ajiyewa a cikin gidanta. Kowace kwamfuta takan tuntuɓi sabar duk bayan kwana bakwai, kuma kowace tuntuɓa tana ba ta izinin kwana 180. Laftof da ta bar ma'aikatar ba tare da an goge ta ba za ta ci gaba da nuna cewa lasisinta lafiya lau, mai saye ya duba ya gamsu, sai bayan kusan wata shida rubutun neman tabbatar da Windows ya bayyana a kusurwar dama ta ƙasan fuska. Wasu masu sayarwa kuma da gangan suke amfani da manhajojin da ke kwaikwayon sabar KMS domin na'urar ta yi kama da mai lasisi. Wannan saɓa wa yarjejeniya ne, kuma irin waɗannan manhajoji sanannun hanyoyi ne na shigar da ƙwayoyin cutar kwamfuta. Gano gaskiya ba shi da wuya: umarnin slmgr /xpr, idan an rubuta shi a PowerShell, yana faɗin ko lasisin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa, slmgr /dlv kuma yana nuna ta wace kafa ya zo, OEM ce ko ta saye ko ta jumla. Minti biyu na wannan bincike kafin a goge komai ya fi duk wata dabarar da za a nema daga baya.

Yadda ake yi

Idan lasisin na gaskiya ne, aikin gajere ne. Ana shirya filash da manhajar ɗora Windows daga shafin Microsoft, a tayar da kwamfutar da shi, idan an nemi mabuɗi a zaɓi cewa babu, a ɗora bugun da na'urar ta cancanta, sannan a haɗa ta da intanet. Shafin lasisi da ke cikin saituna zai nuna sakamakon, galibi cikin 'yan mintuna.

Inda ake samun cikas

Mafi yawan gazawa daga saɓanin bugu take. Lasisin Home ba ya tabbatar da Pro, na Pro ma ba ya tabbatar da Home, kuma akwai ƙananan rassa kamar Home mai harshe ɗaya da bugun N na kasuwar Turai, kowanne da lasisinsa. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, laftof ta fito daga masana'anta da mabuɗin Home a allonta, wani mai ita na baya ya saya mata Pro, sannan da aka zo sake ɗorawa manhajar ta karanto mabuɗin allon ta ɗora Home ba tare da tambaya ba. Maganin shi ne a canza bugu daga shafin lasisi, ko a sanya ɗan fayil mai suna ei.cfg a cikin jakar sources ta filash ɗin domin a tilasta wa manhajar ta nuna jerin bugu. Akwai akasin wannan ma, wanda yake faranta wa mai saye rai: kwamfutocin ofis da yawa an sayar da su ɗauke da Windows 7 alhali lasisinsu na Windows 8 Pro ne ko 10 Pro, bisa damar komawa tsohon bugu da Microsoft ya bai wa ma'aikatu, don haka mabuɗin sabon bugun yana kwance a allonsu.

Wani tarko shi ne ciro mabuɗi da manhaja kafin gogewa. A na'urar da ke da lasisin dijital, abin da irin waɗannan manhajoji ke nunawa sau da yawa mabuɗin gama-gari ne, kamar wanda ke ƙarewa da 3V66T a Windows 10 Pro, wanda yake iri ɗaya a kwamfutoci marasa adadi kuma ba ya tabbatar da komai shi kaɗai.

Lambobin kuskure suna nuna inda matsalar take. 0xC004F074 na nufin na'urar tana neman sabar KMS ba ta same ta ba, alamar cewa mabuɗin ma'aikata ne a kanta. 0xC004F213 na nufin ba a sami mabuɗi a na'urar ba, abin da ake yawan gani bayan canza allo. 0xC004C008 kuwa na nufin an riga an yi amfani da mabuɗin a kan na'urori iya adadin da aka yarda. A tsofaffin laftof akwai wani dalili mai sauƙi da ake mantawa da shi, wato mutuwar ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon allo. Idan ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya, amintacciyar sadarwa da sabar ta ƙi ƙulluwa, mutum ya yi ta zargin mabuɗi alhali gyara agogo ne kawai ya rage.

Tun daga sabuntawar watan Agustan 2016 ana iya ɗaure lasisin dijital da asusun Microsoft, abin da ke ba da damar dawo da shi bayan babban canji a sassan na'ura. Wannan yana amfanar sabon mai kwamfuta ne kawai idan shi ya ɗaure da nasa asusun kafin canjin.

Windows 10 ko 11 da ba a tabbatar ba yana ci gaba da aiki, yana kuma karɓar sabuntawar tsaro muddin tallafinsa bai ƙare ba, illa dai rubutun tunatarwa ba ya barin fuska kuma an kulle saitunan ƙawata ta.

Makullan da ba na lasisi ba

Akwai makullai biyu da ake rikita su da wannan batu. Laftof da wata ma'aikata ta yi wa rajista a tsarin Windows Autopilot takan nuna shafin shiga na ma'aikatar da zarar ta hau intanet bayan sake ɗorawa, komai ingancin lasisinta, domin rajistar tana bin shaidar jikin na'urar, kuma ma'aikatar ce ke da ikon cire ta daga jerinta. A kwamfutocin Mac masu guntun tsaro na T2 ko masu injin sarrafa bayanai (processor) ƙirar Apple, makullin da ke ɗaure na'ura da asusun mai ita na farko yana hana amfani da ita bayan gogewa har sai ya cire ta daga asusunsa.

Windows 11

Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoban 2021, yana karɓar lasisin Windows 10 na bugu ɗaya da shi, Home zuwa Home, Pro zuwa Pro. Cikas ɗin a nan na ƙarfin na'ura ne: ana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, da injin da ke cikin jerin da Microsoft ya amince da shi, wanda a ɓangaren Intel ya fara galibi daga zuriya ta takwas. Tun da tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, laftof mai injin zuriya ta shida ko ta bakwai tana iya kasancewa da cikakken lasisi na dindindin amma ba ta cikin waɗanda aka yarda su hau Windows 11 a hukumance.